Hukuncin kuɗin goro: daga Tibiri zuwa Distomo

Iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamai, ƴan uwana matasa na Jiratawa, da waɗanda suka taso daga Maradi da Tibiri, sannunku da zuwa. An ba ni lokaci kaɗan, zancen kuma yana da nauyi, don haka bari in shiga kai tsaye.

Kowa nan ya san kuɗin goro. A haɗa babba da ƙarami, mai kyau da mai tabo, a sa musu kuɗi guda. A kasuwa wannan ba laifi ba ne. Abin da na zo da shi yau shi ne lokacin da mai bindiga ya yi wa gari kuɗin goro. An taɓa sojansa a daji, bai san wanda ya taɓa shi ba, ko ya sani amma ba ya iya kama shi, sai ya juyo kan garin da ya fi kusa ya ce kowa zai biya. Tsoho zai biya, mai ciki za ta biya, yaron da ke kiwon awaki zai biya. An yi wannan a ƙauyukan Girka lokacin yaƙin duniya na biyu, duniya kuma ta san sunayen garuruwan. An yi shi a ƙasar nan shekara arba'in da ƴan kai kafin na Girka, a wurin da kabu-kabu zai kai ka yau ka dawo kafin la'asar.

Mu fara da namu.

A ƙarshen 1898 Faransa ta tura wani ayarin soja daga yamma, da nufin ya ratsa ƙasar Hausa ya kai Tafkin Cadi. Kaftin biyu ke jagora: Paul Voulet da Julien Chanoine. Ba baƙi ba ne a aikin. Su ne suka ci Wagadugu a 1896, an kuma san yadda suka ci ta. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a cikin shekarar 1898 ɗin. Ku riƙe wannan, domin yana cikin abin da ya sa suka ɗauka babu mai tambayarsu.

Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojojin da aka ɗebo daga yammacin Sudan, da mayaƙan haya kimanin 400, da tafintoci, da ƴan dako kusan 800 waɗanda akasarinsu kamo su aka yi. Suna da igwa ɗaya da bindigogin zamani. Abin da ba su da shi shi ne guzuri. Paris ba ta ba su kuɗin da zai ciyar da wannan taro ba, an bar su su ci daga ƙasar da suke takawa. To, ku da kuka san rumbu, ku lissafa. Mutum wajen dubu biyu da dabbobinsu su sauka a gari mai gida ɗari. Kwana nawa hatsin garin zai yi? Rijiya guda za ta shayar da su? Tun daga nan aka gina kisan, tun kafin a harba harsashi ɗaya. Gari ya ba su, ya mutu da yunwa. Gari ya hana, ya zama maƙiyi. Mutane su gudu daji da hatsinsu, a ce gudun ma tawaye ne, a sa wa garin wuta.

A cikin Janairun 1899, a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara a jihar Tillaberi ta yau, aka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara talatin. Dalilin da aka bayar shi ne abin da aka yi wa wasu sojojin ayarin guda biyu. Biyu a gefe guda, 101 a ɗaya gefen. Ba a yi bincike ba, ba a nemi mai laifi ba, kuma ba wai an manta ba ne. Ana so labarin ya riga ayarin isa garuruwan gaba.

Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu, kusa da Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da kwari da baka. Faransawa da kansu sun rubuta cewa sun harba harsashi wajen 7,000 a ranar, an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida. Wannan ɓangaren kun fi sani, albarkacin littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Ina son labarin Sarauniya kamar kowa. Amma na lura mun fi son mu tsaya a Lugu, don can akwai jarumta da za mu yi alfahari da ita. Garuruwan da suka biyo baya babu daɗin faɗi a cikinsu, shi ya sa muke wuce su da sauri.

Ranar 8 ga Mayu, Birnin Ƙonni. An buɗe wa garin wuta da igwa, aka shiga, aka yi ta kisa. Masu tarihi sun saɓa kan adadi, wasu na cewa ɗaruruwa, wasu na cewa dubbai. Wani abin lura: bisa yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yunin 1898, duk abin da ke cikin mil ɗari daga Sakkwato na ɓangaren Ingila ne, Ƙonni kuwa tana ciki. Ko a dokar ƴan mulkin mallakan kansu, ayarin bai da hurumin taka wurin.

Daga nan suka yo gabas, suka shigo ƙasar Gobir da Katsinar Maradi a farkon damina. Kun san wane lokaci ne wannan. Rumbu ya yi ƙasa, an yi shuka, kowa na gona. Wanda ya gudu a wannan lokaci ya bar shekararsa guda a baya.

Ta yaya muka san abin da ya faru a nan? Ta hanyar wani Bafaranshe. Wani laftanan mai suna Peteau ya rabu da ayarin tun a Janairu, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga hukuma a Paris. Cikin Afrilu aka umarci Laftanan-Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Klobb ya taho da sojoji kimanin hamsin, bai kuma buƙaci ɗan jagora ba, domin toka da gawa suka nuna masa hanya. Ya rubuta abin da ya tarar rana bayan rana: garuruwa a ƙone, rijiyoyi da gawarwaki a ciki. A wajen Tibiri ya tarar da gawarwakin mata rataye a itatuwa. A Koran Kalgo ya ga ƴan mata ƙanana biyu rataye a reshe.

Tibiri fa nake cewa. Tibirin Gobir, nan bayanmu. Matan nan suna da suna, suna da iyaye, wataƙila wasu a cikin ku jininsu ne. A takardar Klobb ba su da suna, lamba ce kawai.

Sauran labarin gajere ne. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Klobb ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Ya hana mutanensa harbi. Voulet ya sa aka harbe shi. Sannan ya shaida wa ayarin cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daularsa a nan. Sojojinsa baƙaƙe, waɗanda suka bar iyali a gida, suka ga ba su da hanyar komawa in suka bi shi. Ranar 16 suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram. Duk wanda ya taɓa shiga mota zuwa Zandar ya wuce ta gefensu.

Abin da ya tayar da hankalin Paris ba matan Tibiri ba ne. Bafaranshe ya harbe kanar na Faransa, wannan shi ne abin kunyar. Aka buɗe bincike, aka rufe shi a 1902 da cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wato laifin ranarmu ne. Ayarin kuma bai watse ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen watan Yulin nan, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga cikin Satumba, suka kai Tafkin Cadi, suka shiga yaƙin Kuseri ranar 22 ga Afrilun 1900 inda aka kashe Rabe. Faransa ta yi tir da mutum biyu, ta riƙe ƙasar da suka ci.

Kada wani ya ce halin Faransawa ne kawai. Ku tsallaka iyaka. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato kaɗan, suka kashe Turawan Ingila uku da sojojinsu sama da ashirin. Ranar 10 ga Maris sojojin Lugard suka dawo, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka baje garin, aka hana sake zama a wurin. Dawakan Sakkwato na tare da su a ranar. A Agadas ma, cikin Maris na 1917, bayan an kore Kawsan, Faransawa sun kashe mutanen gari har da malamai. Akwai gaskiya ɗaya mai ɗaci da ta ratsa duka waɗannan: yatsan da ya ja kunamar bindiga galibi baƙi ne irin nawa da naku. Umarni daga Bature, aiki daga ɗan Afirka. Duk wanda zai ba da labarin nan ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

Yanzu mu je Girka.

Jamus ta mamaye Girka a 1941. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙananan ƙauyuka na manoma da makiyaya, ƴan gwagwarmaya kuma suka hau duwatsun nan suna kai hari su ɓace. Sojan mamaya ba ya iya bin su can. Ƙauye kuwa ba ya gudu, yana nan inda yake.

Ranar 3 ga Yunin 1941, a tsibirin Kirit, aka rusa garin Kandanos, aka kashe mutum wajen 180. Jamusawa suka kafa alluna a wurin, da harshensu da na Girkanci, suna sanar da cewa an shafe garin ne don ramuwar sojojinsu, kuma ba za a sake gina shi ba. Kun ji kamar Satiru ko? Cikin Satumba na wannan shekara babban kwamandan sojan Jamus, Keitel, ya fitar da umarni a rubuce ga ƙasashen da suka mamaye: duk sojan Jamus ɗaya da aka kashe, a kashe mutum hamsin zuwa ɗari. Abin da Voulet ya yi da ka a Sansane Hausa, ga shi an buga shi da na'ura an sa hatimi.

Ranar 13 ga Disamban 1943, Kalabrita. Ƴan gwagwarmaya sun kama sojojin Jamus kusan tamanin, daga baya suka kashe su. Wannan ma laifin yaƙi ne, kisan fursuna, ban zo in wanke shi ba. Amma waɗanda suka yi shi suna kan dutse. Sai aka tara mutanen gari a makarantar firamare, aka ware maza daga samari ƴan shekara goma sha zuwa tsofaffi, aka kai su wata gona a gefen tudu, aka buɗe musu wuta. Sama da 400 suka mutu a wannan yini, kusan 700 a duk yankin. Mata da yara aka kulle su cikin makarantar, gari na ci da wuta, suka fasa ƙofa suka fito. Su ne suka ja gawarwakin mazajensu da hannunsu, cikin sanyin Disamba.

Ranar 10 ga Yunin 1944, Distomo. An yi wa sojojin SS kwanton ɓauna a kusa, suka dawo garin suka bi gida gida. Mutum 218, har da jarirai. A wannan rana ɗaya tak, wata rundunar SS ɗin ta shiga wani ƙauye a Faransa mai suna Oradour, ta kashe sama da mutum 640, mata da yara an ƙone su cikin coci. Janar de Gaulle ya ce a bar kangon Oradour yadda yake, har yau yana nan, shugabannin Faransa na zuwa suna sunkuyar da kai. Sun yi daidai. Ba na hassada da makokin kowa. Abin da nake cewa kawai shi ne, ƙasar da ta san zafin Oradour ta san mi ake nufi da Ƙonni. Shekara 45 ce tsakaninsu.

To mi doka ta ce? A nan akwai abin mamaki. Bayan yaƙi an gurfanar da janar-janar ɗin Jamus da suka yi aiki a Girka da Yugoslabiya gaban kotun Amurka a Nuremberg, aka yanke hukunci a 1948. An sami akasarinsu da laifi, amma alƙalan suka ce a dokar yaƙi ta wancan lokaci, kashe mutanen da aka yi garkuwa da su na iya halatta in an cika wasu sharuɗɗa. Laifin Jamusawa, a ganinsu, shi ne sun wuce gona da iri. Janar Felmy, wanda yankin Kalabrita ke ƙarƙashinsa, an ba shi shekara 15, aka sake shi a 1951. Wannan giɓin ne aka toshe a 1949, a yarjejeniyar Jeniba ta huɗu. Sashe na 33 ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba shi ya aikata da kansa ba, ya haramta hukuncin taron dangi, ya haramta ramuwa kan farar hula da dukiyarsu. Ƙarin da aka yi a 1977 ya kawo wannan hani har cikin yaƙin cikin gida. Nijar ta sa hannu, Najeriya ma haka. Mu da aka koya wa tun a makarantar allo cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, ba mu jira 1949 ba kafin mu san haka.

Ko ka ajiye doka da addini gefe, dabarar ba ta biya wa mai ita buƙata. Ramuwar Jamus ba ta kwantar da Girka ba. Saurayin da aka kashe wa uba aka ƙone wa gida, ina zai je in ba dutse ba? Mai kuɗin goro yana tsammani yana koya wa mutane tsoro. Abin da suke koya shi ne zama lafiya ba ya kare ka: ka yi biyayya a kashe ka, ka yi tawaye a kashe ka. In haka ne, mi zai hana ka ɗauki makami?

Abin da ya fi ja min hankali a labarin Girka shi ne abin da suka yi bayan haka. Sun rubuta sunaye. Ba "mutane da yawa" ba. Wane ɗan wane, shekara kaza. A Kalabrita sunayen na jikin dutse a tudun da aka harbe su, makarantar ta zama gidan tarihi, agogon coci kuma an bar shi a tsaye kan ƙarfe 2:34. Kandanos da aka ce ba za a sake ginawa ba, an gina ta, kwafin allunan Jamusawan ma suna kafe a garin. A Distomo dangin mamatan suka kai Jamus ƙara a kotun Libadiya, a 1997 aka yanke musu diyyar da ta kai wajen yuro miliyan 28. Kotun ƙolin Girka ta tabbatar a 2000. Da aka zo kama kadarorin Jamus a Atina, sai ministan shari'ar Girka ya ƙi sa hannu. Gwamnatinsu ce ta tare musu hanya, saboda tana da abin da take nema wajen Jamus. Suka bi ta kotunan Italiya. Jamus ta kai maganar Kotun Duniya a Hague, ranar 3 ga Fabrairun 2012 kotun ta ce ba a gurfanar da ƙasa a kotun wata ƙasa, komai girman laifin. Jamus ta tsaya kan cewa mak miliyan 115 da ta biya Girka a 1960 ya rufe zancen.

Ko dala ba su samu ba ke nan daga wannan shari'a. Amma a 2000 shugaban Jamus Johannes Rau ya je Kalabrita, a 2014 kuma Joachim Gauck ya je ƙauyen Lingiyades ya roƙi gafara a fili. Wani zai ce roƙon gafara ba ya cika rumbu. Gaskiya ne. Sai dai babu wanda zai iya miƙewa yau ya ce ba a yi Distomo ba, ko ya ce zafin rana ne.

Mu fa? Mun fara, a makare. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi hanyar ayarin gari gari, ya sa jikokin waɗanda abin ya shafa suka yi magana da bakinsu. A 2021 wasu al'ummomi daga garuruwan nan suka kai kokensu gaban mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 Faransa ta ba da amsa a rubuce: ta ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, ba ta ɗauki alhaki ba, ba ta nemi gafara ba. Akwai misalai a Afirka da ke nuna ba mafarki ba ne. A 2013 Ingila ta biya ƴan Kenya 5,228 da aka azabtar lokacin Mau Mau fam miliyan 19.9. A 2021 Jamus ta amsa cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya kisan ƙare dangi ne. Ƴan Kenyan nan ba da ihu suka ci ba. Da shaidu suka ci, da suna, da takardun da aka tilasta wa Ingila fitowa da su daga ɓoye.

A ganina, zagin Faransa a Facebook shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, yanzu ma har tafi ake yi wa mai yinsa. Ga ɓangaren da ba a tafa wa mutum.

Ranar 2 ga Janairun 2021 ƴan bindiga suka shiga Comabangu da Zarumdarai a jihar Tillaberi, suka kashe sama da mutum 100. Bayanin da hukuma ta bayar a lokacin shi ne ramuwa ce, don mutanen gari sun kashe musu mutum biyu. Biyu, da ɗari. Jiha ɗaya da Sansane Hausa, wata ɗaya, shekara 122 a tsakani. Cikin Maris na wannan shekara aka kashe 137 a yankin Tiliya, jihar Tawa. Waɗannan ba Turawa ba ne. Da harsunanmu suke magana.

Akwai kuma wanda ya fi wuyar faɗa. A Disamban 2019 an kashe mana sojoji 71 a Inates, a Janairun 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Ƴaƴanmu ne, ƙannenmu ne, ƙasa duka ta yi kuka. Bayan ƴan watanni aka ba da rahoton ɓacewar farar hula 102 a yankin. A Satumban 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, hukumar Nijar ba ta waje ba, ta ce ta gano aƙalla gawa 71 a cikin ramuka shida, ta kuma ɗora alhakin kan wasu daga cikin jami'an tsaro. Ma'aikatar tsaro ta musanta. Ni ba alƙali ba ne. Amma mutum ba zai nemi a buɗe takardun 1899 ba, sannan ya ce a rufe na 2020. Girmama soja ma ya ƙunshi a raba wanda ya yi aikinsa da wanda ya ɓata kakin, kada a yi musu kuɗin goro su ma.

Nan jiharmu kun san halin da ake ciki a bakin iyaka, wajen Madarumfa da Gidan Rumji. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, wasunsu an zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ku tambaye su yadda zaman ƙauye yake in ɗan bindiga ya zo da dare ya ce a ba shi abinci da mai, da safe kuma a zo a ce kai ɗan leƙen asirinsu ne tunda ka ba su. Gaba kura baya sayaki. Halin manomin Distomo ke nan, halin mutumin Koran Kalgo ke nan. Kuma ku dubi yadda rikicin Zamfara ya kai inda ya kai: a sace shanu, ƴan sa-kai su kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa, dangi su dawo su ƙone gari, garin ya rama kan ruga. Kowa na da gawar da yake nunawa. Babu wanda ya kama mai laifin farko.

Ku matasa masu waya, nan ne taku ta shigo. In an kai hari, ku karanta abin da ake rubutawa a ƙasan labarin. "A share garin gaba ɗaya." "Duk su ne." "Ba na kirki a cikinsu." Wasu masu rubuta haka ƴan jami'a ne, wasu na cikin zauren nan wataƙila, kuma su ne za su ɗora hoton Sarauniya gobe. Mun saba cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. A tukunya haka ne. Amma in aka ɗauko karin maganar nan aka ba mai bindiga, umarnin Keitel ya zama. Wanda ya rubuta "a share garin" bai riƙe bindiga ba, na yarda. Sai dai mai riƙe da ita yana karantawa, yana kuma auna ko za a tambaye shi in ya yi.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma yana hannunku. Waɗanda suka ga 1899 da idonsu sun tafi, ƴaƴansu ma haka. Jikokinsu ne suka rage, ƴan shekara saba'in da tamanin, kuma kowace shekara muna binne wasu. Kowa a nan yana da waya mai ɗaukar murya. In kun koma gida, ku zauna da kaka ko kakan unguwa, a Tibiri, a Jiratawa, a ƙauyukan wajen Agye da Tasawa. Kada ku ce ku ba mu labarin Voulet, don mai yiwuwa ba da wannan suna suka san shi ba. Ku ce: mi kakanninku suka faɗa muku game da zuwan Nasara na farko? Ina aka gudu? Wace rijiya aka daina sha? Wane gida ne ya tsallaka Katsina ko Zamfara bai dawo ba? Wa aka tafi da ita? Ku nemi izini kafin ku ɗauka. Ku rubuta sunan mai magana, da garinsu, da ranar, da wanda ya ji labarin daga bakinsa. Abin da ya ce ku bar shi yadda ya faɗa, kada ku ƙara gishiri don ya yi daɗin watsawa, ƙarya ɗaya tana isa a yi watsi da shaida ɗari. Ku je wajen makaɗan fada da malaman da ke ajiye tsofaffin takardun ajami. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga shi nan a ƙofar gida.

In kuma kun haɗu da ɗan gudun hijira da ya yarda ya yi magana, ku yi masa irin tambayoyin nan, da irin wannan kulawa. Shi kam sunayen mutanensa suna bakinsa, bai manta ko ɗaya ba. Ku rubuta su, amma ku ɓoye nasa in ya ce a ɓoye, domin waɗanda suka kore shi suna nan da rai.

Na ga ana ɗaga min hannu cewa lokaci ya yi. Masu tambaya, bismilla, mu fara da ɓangaren mata.